Ragowar Yadin Malamar Lissafi

"Ni? In wanke da hannuna? Allah ya sawwaƙe."

"To da hannun wa za ki wanke?"

"Ba zan ma sa ba, balle a zo maganar wanki. Kin ga yadda matar nan ta ɗaga shi a gaban aji kamar tuta? Wai na zamani. Ƙunzugu ne fa, maɓalli kawai aka maƙala masa."

"Ta ce yana shekara biyu bai lalace ba."

"Shekara biyu! Ko takalmin makaranta bai yin haka. Ke faɗi gaskiya, za ki iya shanya shi a tsakar gidanku mutane suna wucewa?"

"Wa? Ni? Allah ya kiyaye. Ai sai tsofaffi."

Ruwan sama ne ya tsare 'yan matan biyu a ƙarƙashin rumfar shagon ɗinki, a hanyarsu ta dawowa daga makaranta. Sun ba taga baya, suna ganin ƙarar ruwa a kan kwano ta rufe muryarsu. Ba su kula keken ɗinki ya yi shiru a ciki ba. Matar da ke kan keken ta san muryoyin duka biyu. Mai kaifin nan ta yarinyar da ake kira Aku ce, wadda bakinta ba ya zuwa hutu. Ɗayar kuwa, wadda ta ce sai tsofaffi, jikarta ce ta cikinta.

Kaka Tela ake ce wa matar, tun daga bakin titi har ƙarshen layi. Shekara arba'in da 'yan kai tana kan keke ɗaya, baƙi, mai feda, wanda zanen zinaren jikinsa ya goge saura inuwa. Shagon ɗaki ne guda da labule a kusurwa inda mata ke gwada kaya, da benci na baƙi, da teburin yanka. Bango kuwa duk alli ne, don a nan take rubuta awon mutane, kowa da sunan da ta laƙaba masa: Doguwa, Mai Kafaɗa, Matar Mai Faci, Ba-ta-haƙuri. A ƙarƙashin teburin akwai wani buhu da ya fi wasu daga cikin masu kawo ɗinki shekaru. Duk ƙyallen da ya faɗo daga yanka a ciki yake ƙarewa. In aka tsokane ta sai ta ce, "Abin da almakashi ya yar, na tela ne. Haka na tarar ana yi."

Ba ta yi nisa a makaranta ba. Tana da shekara goma sha uku, wata rana ta miƙe don amsa tambaya, sai aji ya kwashe da dariya a bayanta. Ta waiwaya ta ga abin da ta bari a kan benci. Ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta kama hanyar gida, kuma ƙafarta ba ta ƙara taka ajin nan ba. Babu wanda ya kore ta, babu kuma wanda ya zo nemanta. Goggonta ta zaunar da ita gaban keke ta ce, "To, tunda kin ƙi alli, ga allura."

Allurar ba ta cuce ta ba. Da ita ta rufa wa kanta asiri bayan rasuwar mijinta, da ita ta raini 'ya'ya uku har kowa ya kama gabansa. Tana son aikinta. Tana son ƙamshin sabon yadi in dutsen guga ya hau kansa, tana son yadda mace kan shiga bayan labule a takure ta fito tana juyi. In ana hira ta kan ce ita ba ta bin duniya komai. Sai dai kullum in ƙararrawar makarantar bayan layi ta kaɗa da safe, ƙafarta kan ɗan tsaya a kan feda, kafin ta ci gaba.

Jikar tata sunanta aka sa mata, shi ya sa take kiranta Takwara, har sunan ya bi yarinyar makaranta. Uban direban babbar mota ne, wata guda yana hanya. Uwar tana can wani gari da ƙanana uku, inda makaranta ke da nisa. Shi ne aka kawo Takwara ta zauna da kakarta a ɗakin da ke bayan shago. Shekararta goma sha huɗu, doguwa, mai ƙoƙari a lissafi, mai kunya kamar an biya ta.

Kwana biyu bayan ruwan nan, Malamar Lissafi ta zo gwada riga. Yadin da ta kawo shuɗi ne mai zanen makullai rawaya, irin wanda ko daga ƙarshen layi aka hango an san shi.

"Ɗaga hannu," in ji Kaka Tela, allurai uku a bakinta.

"Kaka, ba ɗinki kaɗai ya kawo ni ba."

"Uhm. Juya."

"Jikarki ta yi fashin kwana goma sha biyu a shekarar nan. Dokar makaranta, duk wanda ya cika goma sha biyar ba a sa sunansa a jarrabawar fita. Saura wata biyu a zauna. Kuma yarinyar nan, in ta zauna, za ta ci."

Kaka Tela ta zare alluran daga bakinta ɗaya bayan ɗaya ta soke a matashin hannunta.

"Ciwon kai take cewa."

"Haka su ma sauran ke cewa," in ji Malama. "Ciwon kai mai sanin kwanan wata."

Bayan ta tafi, Kaka Tela ta zauna a benci ta ɗinke zancen a ranta. Ciwon kai kwana uku, duk wata. Wankin siket ɗin makaranta tun kafin kowa ya tashi. Sai kuma soson da take sa wa kafaɗar riguna, wanda ta yi wata uku tana tarar da shi a yage, tana zagin ɓera. Ta tuna kuma rabon da yarinyar ta ce a ba ta na audugar mata, tun kafin kayan kanti su yi wannan tashin.

Ranar ba ta taɓa ɗinkin kowa ba. Ta juye buhun ƙyalle a ƙasa ta zauna a tsakiya tana zaɓe. Ta tafasa wani tawul ta shanya ya bushe, ta yanka shi gida uku-uku ya zama ciki. Ta sa yadi mai laushi a sama. Ta ɗauko wata tsohuwar lema da ƙarafunanta suka karye, ta farke yadin ta shimfiɗa a ƙasa, don kada komai ya ratsa. Ta yi masa fukafukai biyu da maɓalli mai ƙaras. Ta ɗinka, ta farke, ta sake ɗinkawa har sau uku kafin ya kwanta yadda take so.

Saura bayan da za a gani. Nan ta tuna maganar da ta ji ta taga, wai sai tsofaffi. To, za ta yi abin da ba wanda zai kira tsumma. Ta duba duk tarin ƙyallen, babu mai kyau da sabunta kamar shuɗin nan mai makullai rawaya. Da shi ta rufe guda shida, ta kuma ɗinka musu 'yar jaka mai zif da ragowar.

"Takwara, zo ki gani."

Yarinyar ta ajiye jakar makaranta, ta leƙa teburi, ta ja da baya.

"Mene ne wannan?"

"Kin fi ni sani. Ku aka ɗaga wa a aji kamar tuta."

Takwara ta rufe baki da hannu. "Kaka, laɓe kike mana?"

"A shagona? Ku kuka zo kuka laɓe mini."

"Ni dai ba zan sa ƙunzugu ba."

"Ƙunzugu na san shi tun ubanki bai zo duniya ba. Tsumma ne ake naɗewa, kina tafiya kina addu'a kada ya kunyata ki. Wannan ko tsere kika shiga yana nan inda kika bar shi. Ɗauki ki taɓa, ba ya cizo."

"A'a."

"To soson kafaɗar mutane da kike yagar mini fa, shi ne na zamani? Wata uku ina tsine wa ɓera, bawan Allah bai ci ba bai sha ba."

Takwara ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Ta zauna a bakin benci tana murza gefen siket.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na ga kina fama. Kuma duk zuwan da na yi kanti sai an ce ya ƙara tsada. Sai na ce in Baba ya dawo."

"Shi baƙon naki jiran Baba yake yi?"

Takwara ta goge hawaye da bayan hannu.

"Ki saurare ni," in ji Kaka Tela. "Kwana biyu kaɗai suka rage miki na fashi. Na uku, sunanki ya fita. Ni a kan abin nan na bar aji, kuma ban mutu ba, kin gan ni. Amma ɗaya ta isa a gidan nan. Suna kika gada, ba benci ba."

Yarinyar ta miƙa yatsa ɗaya ta danna maɓallin, ya ce ƙaras. Ta ɓalle, ta sake dannawa. Ba ta ce ta yarda ba, amma da ta tashi jakar ba ta kan teburi.

Watan nan ciwon kai bai zo ba. Takwara ta je makaranta ran farko tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a ka, rana ta biyu ta fita da sauri, rana ta uku har ta dawo tana waƙa. Kaka Tela ba ta tambaye ta komai ba. Sai a rana ta huɗu, tana kakkaɓe shimfiɗa, wani warin danshi ya tarbe ta. Ta ɗaga katifa. Ga su nan a jere a kan katako, an wanke su tas, amma jiƙe kamar yanzu aka tsamo su.

"Takwara! Shuka kika yi a nan?"

"Kaka, yi a hankali mana, za a ji."

"Abu mai danshi a cikin duhu ciwo yake haifarwa. Rana ce maganinsa. Ga igiya can a tsakar gida, kyauta."

"Igiyar da Mai Faci ke zama a ƙarƙashinta yana shan shayi? Da 'ya'yansa? Wallahi gara in mutu."

"A lulluɓa masa siririn mayafi, rana tana ratsawa, ido ba ya ratsawa."

"Ni dai a'a."

Gida uku ke raba tsakar gidan nan da igiya ɗaya, har da na Mai Faci, Kaka Tela ta san ba ƙarya yarinyar ta yi ba. Sai ta bar maganar. Ta riƙa jira Takwara ta tafi makaranta, ta fitar da su ta shanya a cikin nata ƙyallayen, ta kwashe kafin a tashi. Tela ce, ba mai tambayar abin da ta rataya. Takwara kan tarar da su a ninke ƙarƙashin matashi, suna ƙamshin rana, ta yi kamar aljanu ne suka kawo.

Da haka aka shiga wata na biyu, jarrabawa saura mako uku. Wata Litinin, tun ba a tashi makaranta ba, Kaka Tela ta ji an banko ƙofar shago. Takwara ta wuce ta kamar iska ta faɗa ɗaki.

"Lafiya?"

Sai da ta bi ta ciki ta zauna a bakin gado kafin maganar ta fito, a gutsure, fuska cikin matashi.

"Ina ciro littafi 'yar jakar da kika ɗinka ta faɗo. Ta gangara har ƙafar Aku. Ta ɗauka ta zuge, ta ciro ɗaya ta ɗaga sama."

"Mai tsabta ne ai."

"Kaka, bari in gama! Tana ɗagawa Malama ta shigo. Da rigar. Rigar da kika ɗinka mata, mai makullai. Sai Aku ta ce, 'Malama, ga ƙanwar rigarki!' Har 'yan ajin kusa sai da suka leƙo." Ta ɗago kai, idanu jajur. "Duk ƙyallen da ke cikin buhun nan, ki rasa wanda za ki ɗauka sai na Malama?"

Shekara arba'in Kaka Tela tana tara ƙyalle, bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa kowane guntu a buhun nan yana da mai shi, yana yawo a layi da sauran a jikinsa. Ita kyau ta duba.

"Na yi kuskure," ta ce.

"Ba zan koma ba."

"Takwara."

"Ba zan koma ba, Kaka. Ke ma ai ba ki koma ba."

Wannan ta shige ta. Ta tashi ta koma kan keke, ta ɗora ƙafa a feda, ta daɗe ba ta taka ba.

Talata Takwara ba ta fito ba. Goma sha uku. Laraba ƙararrawa ta kaɗa, ta sake kaɗawa, ƙofar ɗaki a rufe. Goma sha huɗu. Kaka Tela ta gwada lallashi, ta gwada faɗa, ta gwada shiru, babu wanda ya ci. Ta ɗinka hannun rigar Ba-ta-haƙuri a baibai, abin da ba ta yi ba tun tana koyo.

Da la'asar ɗin Larabar sai ga Malamar Lissafi. Ta yi sallama, ta zauna a benci, ta buɗe jakar hannu ta ciro 'yar jakar nan mai makullai ta ajiye a kan teburin yanka. Kaka Tela ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta shirya shan faɗa.

"Kaka, yadi shida na kawo miki."

"Haka ne."

"Kika ce da ƙyar ya isa."

"Da ƙyar ɗin ya isa. Wannan abin da almakashi ya yar ne."

"Almakashinki akwai kyauta," in ji Malama. Ta zuge jakar ta ciro ɗaya, ta juya shi, ta bi ɗinkin da farce, ta danna maɓallin. "Mene ne wannan a ƙasa?"

"Lema."

"Lemar ruwa?"

"Wadda ta karye. In ta tare na sama, za ta tare na ƙasa."

Malama ta yi dariya har sai da ta dafa teburi. Da ta nutsu ta ce, "Wanda matar nan ta kawo mana makaranta bai kai wannan ba. Kaka, a ajina yara bakwai ne ke ɓacewa bi da bi. Na san ranakun kowace fiye da uwarta. In za ki iya yin irinsa da yadin da ba na kowa ba, baƙi ko ruwan toka, zan kawo yadin da kaina. Tawul kuma zan bi malamai mata gida-gida."

"Ɗinki ba wuya. Sawa ce wuya."

"Na sani." Malama ta tashi ta je bakin ƙofar ɗaki, ba ta buɗe ba. "Na san kina jina. Gobe ne kwana na goma sha biyar, kuma rajista ba a hannuna take ba, ba ni da ikon goge ko ɗigo. Ni dai gobe rigar nan zan sa. In dariya ce, a yi mana tare."

Ta yi wa Kaka Tela sallama, ta bar 'yar jakar a kan teburi.

Malama ba ta daɗe da fita ba wata inuwa ta tsaya a bakin shago. Aku ce, da littafi a hannu, bakin nan nata yau a ɗinke.

"Sannu, Kaka. Malama ta ce in kawo mata aikin gida. Kuma in ba ta haƙuri."

"Shigo ki zauna."

"A'a, nan ma ya isa."

"Benci ne, ba kuɗi ake biya ba."

"Sauri nake."

Kaka Tela ta dube ta irin duban da take wa mai kawo ɗinki kafin ta ɗauko tef. Rana tana dukan kwano, kowa na gumi, amma yarinyar ta ɗaure rigar sanyi a ƙugu, hannayen rigar a ƙulle tam a gaba. Ta tsaya ƙafafu a haɗe, bayanta a jikin bango.

"Zo nan, 'yar nan. Siket ɗinki ya saki a gefe, bari in kama miki."

"Bai saki ba."

"Ni ce tela ko ke? Shiga bayan labule."

Labulen yana jikin bangon ɗaki, kuma bangon bai kai rufi ba. Kaka Tela ta sassauta murya, amma ba sosai ba.

"Da me kika tare?"

Sai can, da wata 'yar murya da ba wanda zai ce ta Aku ce: "Safa."

"Jiya fa?"

"Takardar littafi. Ta tsakiya. Mu biyar ne mata a gidanmu, Kaka. In Mama ta sayo fakiti ɗaya, kafin ya zo kaina ya ƙare. Don Allah kada ki faɗa wa kowa."

"Wa zan faɗa wa? Ai ke ce gidan labarai."

Ƙofar ɗaki ta yi ƙara. Takwara ta fito, gashi a hargitse, fuska a kumbure da kwanciya. Ta tsaya tana kallon labulen. Sai ta je teburi ta ɗauki jakar da Malama ta bari, ta zaro ɗaya, ta zura hannu ta gefen labule.

"Ungo. Ƙanwar rigar Malama ce."

Aka daɗe hannun yana nan a miƙe kafin a karɓa.

"Ba haka ake sa shi ba," in ji Takwara, don ta ji maɓallin ya yi ƙara tun da wuri. "Makullan a ƙasa suke, mai laushin a sama. Fukafukan ki zagayo da su sannan ki danna. Kaka, fito ki ba ni wuri, ba ta iya ba."

Kaka Tela ta fito ta koma kan kekenta. Ta ɗauki hannun rigar da ta ɗinka a baibai ta fara farkewa a hankali, kunnenta yana bayan labule.

"In kin cire ki ninke shi ciki, ki danna maɓallin, ki sa a jaka. Ba ya wari in ba ki bar shi ya kwana ba."

"Wankin fa? Ba ƙyama?"

"Ran farko ne kawai. Ki jiƙa da ruwan sanyi tukuna. Kada ki sa na zafi, kama shi yake yi ya ƙi fita."

"Ke fa kika ce sai tsofaffi."

"Ke kuma kika ce Allah ya sawwaƙe. Ga ki da safa."

"Wallahi in kika faɗa a aji..."

"Ni Aku ce?"

Sai dariya ta ƙwace musu su biyun, irin wadda ake toshewa da hannu tana fita ta hanci.

"A ina kike shanyawa?" in ji Aku.

"A rana. Dole sai a rana. In kika sa ƙarƙashin katifa ciwo yake haifarwa."

Kaka Tela ta ciji zare.

Da Aku za ta tafi, rigar sanyin tana kafaɗarta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana sosa wuya. "Gobe in biyo miki?"

"Ban ce zan je ba."

"To zan biyo dai. In an yi dariya ni zan amsa musu, kin san bakina."

"Shi ya kawo mu nan ai."

Alhamis Kaka Tela ta buɗe shago da wuri, ta share, ta sa wa keke mai. Ba ta leƙa ɗaki ba. Ta yi wa kanta alkawari ba za ta ƙara cewa komai ba, don maganar da za a faɗa an faɗe ta. Ta ji ƙarar bokiti a bayan gida, ta ji an zubar da ruwa, ta ji an sake ɗiba. Ta zura zare a allura, ya ƙi shiga, ta sake lasa.

Ta tagar baya ta hango tsakar gida. Mai Faci yana kan kujerarsa da kofin shayi, ƙaramar 'yarsa tana wasa da murfin kwalba a gabansa. Takwara ta fito cikin kayan makaranta, bokiti a hannu. Ta gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Ta tsaya gaban igiya kamar mai shirin tsallake rami. Sai ta rataya guda biyu, ta maƙale su, ta warware siririn mayafin kakarta ta lulluɓa a kai. Makullan rawaya suna ɗan leƙowa ta cikin mayafin. Mai Faci ya kurɓi shayinsa, ya kori ƙuda.

"Takwara!" Muryar Aku ce daga titi, ta dawo da kaifinta. "Ki fito mana, sai an rufe ƙofa?"

Yarinyar ta shigo shago da jaka a kafaɗa, tana goge hannu a siket.

"Kada ki ce komai, Kaka."

"Na ce wani abu?"

"Fuskarki tana cewa. Kuma in Baba ya dawo sai ya saya mini na kanti, ko na ranar jarrabawa ne."

"Ku kuka sani, ke da ubanki."

"Na Aku kuma baƙi za ki yi mata, kada ki ɗauko na matar wani."

"Na ji, ranki ya daɗe."

Ƙararrawar farko ta kaɗa a bayan layi. Takwara ta zabura ta yi waje, har ta kai bakin rumfa ta ɗaga kai ta dubi sama, inda wani ɗan gajimare ke taruwa ta gabas. Ta dawo da baya ta leƙo ta taga.

"Kaka, don Allah in kika ga hadari ya taso, ki kwashe mini shanyata."